Tsinkewar birki a motar Peugeot 504

Tsinkewar birki a motar Peugeot 504 ita ce gazawar birkin wannan mota wajen tsayar da ita idan direba ya taka shi, ko dai ya ƙi kamawa gaba ɗaya, ko kuma ya kama da rauni har motar ta wuce inda ake so ta tsaya. Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, mota ce ƙirar ƙasar Faransa da aka fara fitarwa a shekarar 1968, aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna har zuwa shekarar 2006. Saboda haka duk wadda ta rage a kan hanya a yau tsohuwar mota ce. A ƙasashen Turai masu sha'awar tsofaffin motoci ne ke adana ta, amma a wasu yankunan karkara na arewacin Najeriya, irin su ƙasar Yauri da ke jihar Kebbi, ragowarta motar neman abinci ce.

Birkin 504 mai sauƙin tsari ne, yana aiki da mai da ƙarfe da roba, babu kwamfuta a cikinsa. Da wuya ya tsinke ba tare da ya fara nuna alama ba. Mafi yawan tsinkewar na biyo bayan ƙananan gyare-gyare ne da aka yi ta ɗagewa saboda rashin kuɗi, har ƙaramar matsala ta haifi babba.

Asalin kalma

Kalmar birki, wadda wasu ke furtawa burki, aro ce daga Turanci. Tsarin gaɓar Hausa ba ya barin baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, kuma yawancin sunayen Hausa da wasali suke ƙarewa, shi ya sa aka saka wasali tsakanin baƙaƙen farko, aka ƙara wani a ƙarshe. Direbobi na bayyana matsalar da aikatau daban-daban. Sukan ce birki ya tsinke, ko ya shanye, ko ya ƙwace. Akan ce ya shanye idan matakin ya nutse har ƙasa ba tare da ya kama ba. Kalmar ta shiga maganar yau da kullum, inda ake cewa an taka wa mutum birki idan an hana shi ci gaba da abin da yake yi.

Tarihin motar

Kamfanin Peugeot ya gabatar da 504 a birnin Paris a shekarar 1968, kamfanin Pininfarina na ƙasar Italiya ne ya zana siffarta, kuma a garin Sochaux aka riƙa ƙera ta. Ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. Ta fara ne da inji mai girman sisi 1,796, daga baya aka ƙara mai sisi 1,971, akwai kuma masu amfani da man dizal. Bayan salun, an fitar da wagon mai dogon baya, sannan a ƙarshen shekarun 1970 aka fitar da a-kori-kura. An daina ƙera salun ɗin a Faransa a shekarar 1983, amma aka ci gaba a Ajantina har zuwa 1999, a Kenya har zuwa 2004, a Najeriya kuma har zuwa 2006.

Sunan da ta yi a Afirka ya samo asali ne daga juriyarta a kan munanan hanyoyi. A shekarar 1975 Ove Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, ya lashe tseren Safari na Kenya da ita. A Najeriya an kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a watan Disamba na 1972, kuma Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna a watan Maris na 1975. Daga nan 504 ta zama motar gwamnati, motar ma'aikata, motar 'yan sanda da kuma motar haya tsakanin garuruwa. Bayan faɗuwar darajar naira da ta biyo bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, aka koma sayen na hannu da ake shigowa da su daga Turai. Tsofaffin 504 suka riƙa sauka daga hannun ma'aikata zuwa hannun 'yan haya, daga birane zuwa ƙauyuka.

Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, wato FIVA, ba ta ɗaukar mota a matsayin ta tarihi sai ta kai shekara 30. Da yawa daga cikin 504 da ke Najeriya sun kai waɗannan shekaru, ko da yake masu su ba don tarihi suke riƙe da su ba.

Motar a ƙasar Yauri

Masarautar Yauri ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku: Yauri mai hedikwata a Yelwa, Ngaski mai hedikwata a Wara, da Shanga. Yankin na kudancin jihar Kebbi, wadda aka cire daga jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Kogin Neja ya ratsa shi, kuma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, tafkin da ya taru ya shafe tsibirai da ƙauyuka da dama, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. Babbar hanyar tarayya ta A1, wadda ta taso daga Legas ta bi ta Jebba da Kontagora, ta ratsa Yelwa ta wuce Koko da Jega zuwa Sakkwato. Daga wannan titi ne ƙananan hanyoyi, da yawansu na burji, ke gangarawa zuwa ƙauyukan bakin ruwa.

Abubuwa huɗu a wannan yanki na wahalar da birkin tsohuwar mota. Na farko nauyi, domin kifi, albasa, shinkafa da sauran amfanin gona a buhu ko a kwando ake ɗaukar su zuwa kasuwa, sau da yawa tare da fasinjoji. Na biyu ruwa da taɓo, domin ruwan tafkin na cika yana janyewa a cikin shekara, mashigar jiragen ruwa na matsawa tare da shi, motar da za ta ɗauki kaya kuma sai ta bi ta ƙasa mai laima. Na uku ƙura da rairayi a lokacin hunturu da rani. Na huɗu zafin bazara na watannin Maris da Afrilu. Ga kuma ramuka, shanu, babura da kasuwannin bakin titi da ke sa direba ya yi ta taka birki ba hutawa.

Yadda birkin yake aiki

Birkin 504 na amfani da mai wajen isar da ƙarfin ƙafar direba zuwa ƙafafun mota. Tushen wannan shi ne ƙa'idar da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, cewa ruwan da aka kulle a cikin mazubi ba ya matsuwa, kuma duk matsin da aka yi masa a wuri ɗaya yana isa ko'ina daidai. Motar fasinja ta farko da aka sayar da irin wannan birki a ƙafafu huɗu ita ce Duesenberg ta Amurka a shekarar 1921. Manyan sassan birkin su ne:

- Mataki, wanda direba ke takawa.
- Tukunyar iska, wata baƙar tukunya mai faɗi da ke bayan inji. Tana amfani da zuƙar iskar inji ta ninka ƙarfin ƙafar direba. A mai dizal wani ɗan famfo ne ke samar da wannan zuƙa.
- Masta, wato silindar da ke tura mai, da tulun mai a kanta.
- Bututan ƙarfe da ke bi ta ƙarƙashin mota, da gajerun tiyo na roba da ke haɗa su da kowace ƙafa.
- Faifai da kalifa a gaba. Kalifa ce ke matse fad biyu a jikin faifan da ke juyawa tare da taya.
- Ganga a baya, a wagon da a-kori-kura da wasu salun. A cikinta ƙaramar silinda ke buɗa lainin biyu su gogi cikin gangar.
- Birkin hannu, wanda ke kama ƙafafun baya da waya, ba ruwansa da mai.

Salun na farko sun fito da faifai a duka ƙafafu huɗu, abin da ba kowace motar iyali ke da shi ba a wancan zamani. Akwai kuma wani ɗan bawul a wajen ƙafafun baya da ke rage ko ƙara matsin mai gwargwadon nauyin da aka ɗora, don kada tayoyin baya su ƙage kafin na gaba. Motar ba ta da na'urar hana taya ƙagewa ta ABS, wadda kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fitar a shekarar 1978.

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi ta hanyar gogayya. Idan gudu ya ninka sau biyu, zafin da birki zai sha ya ninka sau huɗu, haka ma nisan da motar za ta ci kafin ta tsaya. Idan nauyi ya ninka sau biyu, zafin ya ninka sau biyu. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa na cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa, mai gudun kilomita 100 kuma kimanin mita 28.

Dalilan tsinkewa

Yoyon mai. Shi ne dalilin da ya fi kawo tsinkewa gaba ɗaya. Robobin da ke cikin masta, kalifa da silindar baya na bushewa da tsufa. Tiyo na tsagewa, bututun ƙarfe kuma na tsatsa, musamman inda taɓo ke maƙalewa ya daɗe da laima. A motar da ke da layin mai ɗaya, huda ɗaya ta isa ta kashe birkin ƙafafu huɗu. A mai layi biyu, rabin birkin na saura, amma matakin na yin nisa kuma motar na daɗewa kafin ta tsaya.

Tafasar mai. Man birki na DOT 3 da DOT 4 na zuƙar laima daga iska. Bisa ma'aunin da aka tsara a Amurka, sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Selsiyas, amma idan ya sha ruwa kashi 3.7 cikin 100, iyakar na sauka zuwa digiri 140. Na DOT 4 kuma daga digiri 230 zuwa 155. Idan man ya tafasa sai tururi ya cika bututu, shi kuwa tururi yana matsuwa, sai matakin ya nutse. Bayan ya huce birkin na dawowa kamar ba abin da ya faru, wannan ke sa wasu direbobi su ɗauka matsalar ta wuce.

Zuba abin da ba man birki ba. Wasu direbobi na zuba ruwan sabulu ko garin wanki idan mai ya ƙare a hanya. Ruwa na tafasa a digiri 100, yana kuma sa silinda tsatsa daga ciki. Baƙin mai ko man giya kuwa na kumbura robobi su lalace cikin ɗan lokaci.

Ƙonewar fad da lainin. Idan aka daɗe ana danne birki da kaya mai nauyi, fuskar fad na yin zafi har ta daina kamawa. A nan matakin na nan da tauri, amma motar ba ta rage gudu. Fad na jabu sun fi saurin yin haka, wani lokaci ma fuskar na ɓallewa daga ƙarfenta.

Shigar iska. Idan tulun mai ya ƙafe, ko aka kwance wani sashe ba a fitar da iska yadda ya kamata ba, matakin na yin laushi kamar soso.

Ruwa, taɓo da maiƙo. Ganga na riƙe ruwa fiye da faifai, saboda haka motar da ta fito daga ruwa kan rasa birkin baya na ɗan lokaci. Rairayi da ya shiga ganga na cinye lainin. Man giya da ke yoyo daga aksil, ko man birki daga silinda, na jiƙa lainin ya daina kamawa.

Mutuwar tukunyar iska. Idan tiyonta ya fashe, ko inji ya mutu ana cikin tafiya, birkin bai tsinke ba, amma matakin na yin tauri ƙwarai, sai an taka da ƙarfi sosai.

Toshe ƙafa. Idan silindar ƙafa ɗaya na yoyo, wasu kan daddage bututunta ko su toshe shi don a ƙarasa tafiya. Motar na komawa birkin ƙafa uku, tana fizga gefe idan aka taka da ƙarfi. Matsalar ita ce sau da yawa abin da aka yi don kwana ɗaya kan zauna watanni.

Alamomi

Kafin birki ya tsinke akan ga ɗaya ko fiye daga cikin waɗannan:

- Mai na raguwa a tulu ana ta ƙarawa. Birki mai lafiya ba ya shan mai, sai ɗan saukar da yake yi a hankali yayin da fad ke cinyewa.
- Laima ko ɗigon mai a cikin taya, a bayan ganga, ko a ƙarƙashin masta.
- Mataki na nutsewa a hankali idan aka danne shi mota na tsaye. Wannan alamar robar masta ce.
- Sai an buga mataki sau biyu ko uku kafin ya kama.
- Ƙara ko gurzar ƙarfe da ƙarfe.
- Fizgar mota gefe ɗaya, ko rawar sitiyari idan an taka.
- Warin ƙauri, ko ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi bayan tafiya.
- Mai ya yi baƙi ko ya yi gurɓi.
- Birkin hannu na tashi har ƙarshe bai riƙe mota ba.

Ana gwada tukunyar iska cikin sauƙi. A kashe inji, a buga mataki sau da yawa har ya yi tauri, a danne shi, sannan a tayar da inji. Idan matakin ya ɗan sauka, tukunyar na aiki.

Abin da ake yi idan birki ya tsinke ana cikin tafiya

Matakan da ake koya wa direbobi su ne: a ɗage ƙafa daga totur nan take, a buga matakin birki da sauri sau da yawa, domin hakan kan tara ɗan matsin da ya rage. A sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, daga ta huɗu zuwa ta uku zuwa ta biyu, inji ya riƙe motar. Tsallakawa zuwa giya ta ɗaya ana cikin gudu na iya ƙage tayoyin baya ko ya fasa giya. A ja birkin hannu sannu a hankali, yatsa na danne da maɓallinsa, don a iya saki idan bayan motar ya fara zamewa. A kunna fitilun gargaɗi, a yi ta hon.

Ba a kashe inji kafin mota ta tsaya, domin hakan na kashe tukunyar iska, kuma idan aka murɗa makulli har ƙarshe sitiyari na iya kullewa. Ba a kuma barin mota a furi, domin inji ba zai riƙe ta ba. Idan duk wannan bai isa ba, akan nemi hawa, ko rairayi, ko ciyayi da ƙananan itatuwan gefen hanya a goga motar a jikinsu, a nisanci mutane da manyan bishiyoyi. Bayan an tsaya ba a ci gaba da tafiya da fasinja ko da birkin ya dawo. Motar da ta ratsa ruwa kuwa, akan tafi a hankali ana ɗan taɓa birki har ya bushe.

Gyara

Bakanike kan fara da duba mai da neman inda yake yoyo, sannan ya kwance ƙafafu ya duba fad, faifai, ganga, lainin da tiyo. Akwai ƙa'idojin da gyara mai kyau ke bi. Ana sauya fad ko lainin na ƙafafu biyu na gaba ko biyu na baya tare, ba ɗaya ba, don kada motar ta riƙa fizga. Lainin da ya sha mai ba ya wankuwa, sauya shi ake yi. Faifai da ganga na da iyakar kaurin da ba a wucewa, idan an kai ta ba a sake fiƙe su. Sabuwar roba ba ta zama a cikin silindar da tsatsa ta rarake, a nan sai an sauya silindar dungurungum. Bututun birki ba a ɗaure shi da roba ko a liƙe shi da walda, sabo ake sawa.

Bayan an haɗa, sai a fitar da iska. Mutum biyu ke yi, ɗaya na buga mataki ya danne, ɗayan na buɗe ɗan noti a kowace ƙafa har mai ya fito babu kumfa. Galibi ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta. Yawancin masu ƙera motoci na ba da shawarar a zubar da tsohon mai a zuba sabo duk bayan shekara biyu. Ragowar man da aka buɗe aka bari ba murfi ya riga ya sha laima. Man DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da DOT 3 ko DOT 4.

Akwai haɗari ga shi kansa bakanike. Tsofaffin fad da lainin na ɗauke da asbestos, wanda shaƙar ƙurarsa ke kawo cutar huhu da sankara bayan shekaru. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya daga shekarar 2005. Shi ya sa ake so a goge ƙurar ganga da jiƙaƙƙen tsumma, maimakon a hure ta da baki ko da iskar famfo.

Tsadar gyara

Kuɗin gyaran birki ya kasu uku: kuɗin kaya, kuɗin aiki, da asarar kwanakin da mota ta yi a gareji. Farashi na sauyawa da lokaci da wuri, amma jerin tsadar bai cika sauyawa ba. Mafi araha su ne man birki da robobi. Sai fad, lainin da tiyo. Sai silindar baya da masta. Mafi tsada su ne faifai, ganga, kalifa da tukunyar iska.

Abin lura shi ne masu arahar ne ke kare masu tsadar. Fad da aka bari ya ƙare, ƙarfensa na rarake faifai, fistan ɗin kalifa kuma na fitowa fiye da ƙima har ya fara yoyo. Man da ba a sauya ba na tara ruwa, ruwan na cin masta da silindu daga ciki. Robar silindar baya da aka ƙyale na jiƙa lainin, sai an sauya na ɓangarori biyu. Ta haka gyaran abu ɗaya ke komawa gyaran abu uku ko huɗu.

Kayan gyaran 504 iri huɗu ne a kasuwa. Akwai ragowar na asali, waɗanda ke ƙara wuya tun da aka daina harhaɗa motar. Akwai sababbi na wasu kamfanoni, masu kyau da marasa kyau. Akwai na hannu da aka ciro daga motocin da aka yanka. Akwai kuma na jabu da ake sawa a kwali mai kama da na asali. Manyan kasuwannin da ake sarowa sun haɗa da Ladipo a Legas, Nkwo a Nnewi ta jihar Anambra, Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Mai mota a Wara ko Shanga da bai samu abin da yake nema a Yelwa ba, sai ya aika Kontagora ko wani babban gari, kuɗin mota da kwanakin jira su hau kan kuɗin kayan. Ƙarfe irin ganga ko kalifa na hannu na iya yin aiki idan an auna shi, amma roba, tiyo da fad na hannu sun riga sun tsufa. Game da irin wannan saye ne Hausawa ke cewa araha ba ta ado.

Da yake yawancin kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin darajar naira. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya na kusan naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500. An kuma cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da ya ƙara kuɗin dakon kaya ya kuma rage ribar 'yan haya.

Tsarin haya shi ma na da hannu. A inda direba ba shi ne mai mota ba, yakan kai wa mai ita balas na rana ko na mako. Ranar da mota ta kwana a gareji, direba bai samu ba, mai mota bai samu ba, kuma akan yi jayayya kan wanda zai biya. Tunda mota mai raunin birki na tashi tana kuma tafiya, akan fifita gyaran inji da taya a kansa. Idan kayan da aka ɗauko ɗanyen kifi ne da ba ya jira, matsin na ƙaruwa. Sai dai asarar haɗari ɗaya, wato rai, jinya, kaya, motar kanta da haƙƙin waɗanda aka raunata, ta fi ƙarfin duk abin da aka tsimi ta hanyar ɗage gyara.

A Turai abin ya sha bamban. Masu adana 504 na sayen sababbin kaya daga dillalai na musamman, kuma kuɗin aiki ne ya fi yi musu tsada. A Najeriya kuɗin aiki na da sauƙi, kuma akwai tsofaffin kanikawa da suka ƙware a kan Fijo tun zamanin da take ko'ina, amma samun kaya mai inganci ne wahala.

Doka da hukumomi

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a watan Fabrairu na 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma a yanzu tana aiki ƙarƙashin dokar shekarar 2007. Tsinkewar birki na cikin dalilan haɗari da take rubutawa a rahotanninta, tare da gudun wuce sa'a da fashewar taya. Iyakar gudun da aka sa wa ƙananan motoci ita ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya. Lambar kiran gaggawa ta hukumar ita ce 122. Jami'an duba lafiyar motoci na jihohi, waɗanda aka fi sani da VIO, su ke ba da takardar shaidar cewa mota ta cancanci hawa titi, kuma birki na cikin abubuwan da ya kamata su gwada. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ce ke da alhakin hana shigowa da sayar da kayan gyara na jabu. Direbobin haya na ƙarƙashin ƙungiyar NURTW, kanikawa kuma na da ƙungiyar NATA.

Duba kuma

- Peugeot 504
- Peugeot Automobile Nigeria
- Masarautar Yauri
- Tafkin Kainji
- Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa